Telolin da Suka Makance a Takarda

"...gida lafiya ƙalau, Tsohuwa. Sai dai ke na ga kin ƙara lanƙwashewa tun zuwana na ƙarshe."

"Nauyin aurenka ne ya lanƙwasa ni. Matsa daga bakin ƙofa, ka tare mini haske da wannan dogon wuyan naka."

Shagon kakarsa shi ne na uku a layin teloli mata: ɗaki guda, keken ɗinki biyu, sai teburin yanka da ya cinye rabin wurin. Tun yana rarrafe take ce masa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake yi mata barazanar saki. Yau da hantsi ya shigo da jaka a baya, kwat ɗin yayansa a hannu, yana so a rage masa ita.

Jibi zai tsaya gaban malaman sashensu ya gabatar da babi na biyu na kundin digirinsa na biyu, babin da ɗalibi yake bitar abin da masana suka riga suka rubuta a kan batunsa. Sau biyu malamar da ke duba aikinsa, wadda ɗalibai ke kira Jan Biro, tana dawo masa da babin. A karo na biyun layi ɗaya ta rubuta masa: ka jera su kamar masu jiran likita, wa ka karanta a cikinsu? In aka sake watsi da babin jibi, sai ya jira baɗi, 'yan ajinsu su wuce su bar shi. Shi kuwa ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa babin ba shi da laifi, shigarsa ce ba ta cika ido. Shi ya sa ya aro kwat.

"Sa ta mu gani," in ji kakar. Ya sa. Ta ja da baya ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Kai ne a ciki, ko ita kaɗai ta fito shan iska?"

"Aikinki ragewa, ba sharhi ba."

"Abin da zan cire a nan ya isa in ɗinka wa wani wando. Miƙe hannu. Kar ka motsa, fil ne a bakina."

"Da kullum suna bakin naki da layin nan ya huta."

Ta cake masa ɗaya daf da fata har sai da ya zabura.

"Hannuna ne ya goce, maigida. Tsufa."

Ta shiga kewaya shi, tana tattare kafaɗa tana kafe fil, har ya koma tsaye ƙiƙam, hannaye a buɗe, ba damar ya sosa ko hanci.

"Tunda kin ɗaure ni, bari in gwada jawabina a kanki," ya ce. "Ba ganewa za ki yi ba, amma dai kina da kunne." Ya gyara murya. "Masana goma sha huɗu sun tabbatar da cewa a cikin kowace mata teloli goma, tara idonsu yana lalacewa kafin su kai shekara arba'in. Kin ji magana mai nauyi? Kuma a shafin farko na sadaukar da aikin ga kakata, wadda ɗinki ya cinye wa ido."

Ta cire fil ɗin daga baki ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a gefen tebur.

"Wace kakar? Ta wajen ubanka ai ko allura ba ta taɓa riƙewa ba."

"Ke mana."

"Ni ce ɗinki ya cinye wa ido?"

"Salon rubutu ne, Tsohuwa."

"Salo ne ka kai ni gaban malamai ka makantar da ni? Ni da daga nan nake ganin maɓallin rigarka na uku da baƙin zare aka kafa shi, saura da fari? Ni da nake ganin bayan kunnenka rabonsa da sabulu tun shiga jami'a? Shekara hamsin ina kan keke, ban taɓa ɗinka wa mutum hannun dama a hagu ba, sai mijin da ko zif bai iya ja ba ne zai riƙe mini sanda?"

"Ba ni na faɗa ba, masana ne."

"Su goma sha huɗu."

"Goma sha huɗu cur."

"Wa ya gani a cikinsu?"

"Ban gane ba."

"Ai na san ba ka gane ba, gado ne daga kakanka. Cewa na yi, a cikin goma sha huɗun nan, wane ne ya zo ya buɗe idon tela ya leƙa? Bara wata ta kawo mini yadi, ta tashi ta ce na ƙona mata shi da dutsen guga. Kafin la'asar mutum goma sha biyu sun rantse a gabansu aka yi, har da wanda ya ji ƙauri. Yadin kuwa yana cikin ledarsa, ko buɗewa ban yi ba. Naka masanan, wa ya ji ƙauri, wa ya ga wuta?"

"Kina haɗa masu digiri uku-uku da 'yan gulmar layinku?"

"'Yan gulmar layinmu in an ritsa su sukan faɗi wanda ya gaya musu. Fito da takardun."

Ya so ya ƙi. Amma kwat ɗin tana jikinsa da fil ya fi ashirin, kuma ya san halinta, sai ta bar shi a haka ta koma kan keke. Ta share ƙyallaye daga teburin yanka, ta zazzage jakarsa da kanta, ta miƙa masa allin da take zana awo da shi.

"Jera su. Kowanne ka duba inda ya faɗi maganar, ka ja layi zuwa ga wanda ya ce a wajensa ya ji."

"Wannan aikin yara ne."

"Shi ya sa na ba ka."

Ya sunkuya a hankali, fil na yi masa gargaɗi a hammata. Na farko ya ce kamar yadda na huɗu ya nuna. Na huɗu ya ce duba na tara. Na tara ya jingina da na biyu da na bakwai, su kuma biyun kowanne ya nuna na goma sha ɗaya. Allin yana ta ƙara a kan katako. Da ya kai na takwas ya daina yi mata gatse. Da ya kai na goma sha uku gumi ya fara bin bayansa a cikin kwat ɗin yayansa.

"Me ya sa ka yi shiru, Furofesa? Karanta da ƙarfi, matarka makauniya ce."

"Wannan ya ce idonsu yana lalacewa. Wanda ya ɗauko a wajensa kuma cewa ya yi ganinsu yana raunana." Ya juya wata takardar. "Na gabansa ya ce... suna kuka da ido."

"To. Daga kuka an kai mu makanta. Shekara arba'in ɗin fa?"

Ya bi layukan da yatsa. "Na shida ne ya fara kawo ta. Bai faɗi inda ya samo ba."

"Daga aljihunsa. Layukan nan duk ina suka nufa?"

Duk wuri guda suka nufa: wata tsohuwar maƙala mai shafi ashirin da biyu, wadda ya kwafo a ɗakin karatu wata bakwai da suka wuce. Shafinta na farko ya sha hannu har ya yi laushi, akwai ma tabon shayi a kai. Sauran ashirin da ɗayan suna nan fes kamar yadda injin ya tofo su. A saman shafin farkon akwai 'yan layuka da marubuci ya taƙaita bincikensa, iyakar abin da jikan ya karanta ke nan. Ba wai lokaci ya rasa ba. Sau da yawa yakan ɗaga kusurwar shafin, sai ya mayar. Tara cikin goma adadi ne da ke sa malamai su gyara zama, kuma can ƙasan ransa ya san abu mai daɗi haka ba a cika tona shi a same shi yadda aka bar shi ba.

"Goma sha huɗunka sun koma ɗaya," in ji kakar. "Shi ɗayan, a ina ya ga makafin?"

Ya buɗe shafi na uku, karon farko a rayuwarsa. "A nan garin. Shekara talatin da biyu da suka wuce. Mata teloli arba'in, a layin..." Ya ɗago. "Layin nan ne."

Kakar ta ɗauki almakashi ta ajiye. Ta ɗauki tef ɗin awo ta shiga naɗe shi a yatsa, ta warware, ta sake naɗewa.

"Wani siriri, mai jakar fata? Mai yawan cewa don Allah?"

"Ina zan sani? Ba a haife ni ba."

"To juya in ga bayan kwat ɗin, rana tana yi."

"Tsohuwa."

"Kafaɗar hagu ta fi ta dama..."

"Tsohuwa, tun da nake ban taɓa ganin kin canza magana ba sai in ke ce da laifi. Me kika yi?"

Ta leƙa waje, ta janyo ƙofar ƙarfen ta rage buɗinta, sannan ta zauna a kujerar keke.

"Takardun tambayoyi ya kawo, guda arba'in. Ni ce shugabar ƙungiya a lokacin, sai ya bar mini ya ce in raba in tattara masa. Matan suka ce su ba su da lokacin cike takarda, aiki ya yi musu yawa. Sai magana ta fita cewa duk wadda ta rubuta tana da ciwon ido, za a kawo mata tabarau kyauta."

"Magana ta fita."

"Ta fita."

"Da ƙafarta ta fita, ko wani ya buɗe mata ƙofa?"

"Kai ɗan sanda ne ko mijina?"

"Wa ya fitar da ita?"

"Zaɓen ƙungiya saura mako biyu!" ta ce da ƙarfi, sannan ta rage murya. "Mai Surfani ta shago na bakwai ta tsaya takara da ni, tana bi shago-shago tana cewa shekara uku ina shugabanci ban kawo wa mata ko tsinken allura ba. Sai ga mutum da jakar fata ya shigo shagona, kowa na kallo. Kai da ka zama ni me za ka yi?"

"Mata talatin da shida suka ce ba sa gani saboda ke?"

"Har da masu zura zare a allura ba tare da sun kalla ba. Tabarau a lokacin abin ado ne, mace ta sa ta zama kamar ma'aikaciyar banki."

"Huɗun da suka rage fa?"

"Mai Surfani da ƙawayenta uku. Don su ba ni haushi suka faɗi gaskiya."

Ya ɗaga hannu zai dafe kai, fil ya soke shi, ya mayar da hannun. Bai san da wanne zai ji ba.

"Kin kashe ni! Tun ba a haife ni ba kika zauna kika kashe mini digiri! Wata bakwai ina ɗauke da ƙaryarki a jaka, ina hawa mota da ita, ina kwafa, ina haddacewa. Masana goma sha huɗu a ƙasashe daban-daban suna cin abinci da yaƙin neman zaɓenki! Yau ba sai gobe ba, na sake ki. Saki uku. Har keken a raba."

"Ka saki wa? Da wane gidan, da wace kwat ɗin? Ni na yi ƙaryata a layinmu, tsakanina da mata arba'in, ba da kuɗin kowa ba. Ni na ce ku ɗauka ku kai jami'a? Ni na ce ka karanta shafi ɗaya ka bar ashirin da ɗaya kamar sababbin zannuwa? Mai jakar fatan nan ba wawa ba ne. Ranar da ya zo karɓa ya daɗe yana kallon takardun, yana kallona. Buɗe gaba, ban yarda bai ce komai ba."

Ya buɗe, yana huci. Shafi na biyar, na bakwai. A shafi na tara ya tsaya. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya karanta a fili da muryar da ba ta jawabi ba.

"Ba a auna idon kowa ba. Amsoshin abin da matan suka faɗa ne da bakinsu, kuma shugabar ƙungiyarsu ce ta raba takardun ta tattara. Yawan masu kukan ya wuce abin da ake tsammani, don haka kada a dogara da wannan adadi sai an yi awo na asibiti."



"Ka ji ɗan halak," in ji kakar. "Ya faɗa muku. Shekara talatin da biyu yana faɗa muku a shafi na tara, ba wanda ya kai ziyara. Kai kuma ka zo kana sakin mace."

Ya zauna a bakin tebur, a hankali, kamar mai ƙurji. Idonsa na kan layukan alli. Wani tunani ya zo masa, bai kore shi da wuri ba.

"Ba wanda ya sani," ya ce. "Daga ni sai ke. Jibi ne fa. In na bar babin yadda yake, goma sha huɗu sun faɗa, ni na goma sha biyar."

"Malamar taka mai jan biro ba ta sani ba?"

Ya tuna layin da malamar ta rubuta masa. Wa ka karanta a cikinsu. Sai yanzu ya ji tambayar da kyau, ya gane matar nan ta san shafi na tara, jira kawai take ta ga ko zai kai.

"In ma ba ta sani ba," kakar ta ci gaba, "jibi zan sa mayafina in zo in zauna a gaba. Kana cewa tara cikin goma, zan miƙe in zura zare a allura a gaban malamanku, in ce ga ɗaya daga cikin makafin."

"Ba za a bar ki ki shiga ba."

"Zan ce ni matar mai jawabi ce. Wa zai hana?"

Ya ja tsaki, ya jawo tsohuwar maƙalar gabansa. Kansa ya fara aiki ba da izininsa ba. In ya zana wa malamai layukan nan yadda suke a teburin nan, ya nuna inda kuka ya zama makanta, da inda shekara arba'in ta faɗo daga sama, ya karanta musu shafi na tara, to babin ya daina zama layin masu jiran likita. Kuma ga abin da ba wanda ya taɓa yi a fili: a zo a auna idon matan da gaske. Kwana biyu sun yi kaɗan, amma ba su gagara ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa. Shafi na tara ya ce adadin ya yi yawa, bai ce don me ba. Dalilin yana zaune a kujerar keke yana naɗe tef.

Ya dube ta, ya ƙanƙance ido.

"Tsaya. Ke fa, wa ya gani?"

"Me?"

"Labarin tabarau. Daga bakinki kaɗai na ji. Mace ce ke da ta yi wa mutum arba'in ƙarya a zama ɗaya, da bakinki kika faɗa. Ta yaya zan san yanzu ma ba shirya mini kika yi ba don na ce kin makance? Ina shaidarki?"

Ta nuna shi da almakashi.

"Ni kake tambaya shaida? Ni da na yi wa uwarka wankan jegonka... na goya ka, ka yi mini fitsari a baya?"

"Goyo ba shaida ba ne. Wa ya gani?"

"Shekara biyu kana jami'a ba ka tambayi ko mutum ɗaya shaidarsa ba, sai yau, kuma da matarka za ka fara?"

"Da ke zan fara. Majiya ɗaya ba ta isa ba, yanzu kika koya mini da alli."

Ta daɗe tana hararsa. Daga nan kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har sai da ta riƙe kan keke. Da ta lafa ta goge ido da gefen mayafi, fuskarta ta ɗan canza.

"Akwai mai shaida," ta ce. "Mai Surfani. A ranar ta bi mutumin har bakin titi ta tambaye shi, ya ce shi ba shi da tabarau ko ɗaya. Ta dawo ta faɗa, ba wanda ya yarda, aka ce baƙin ciki ne, ta faɗi zaɓe. Da tabarau bai zo ba, mata suka ce mai jakar fata ne ya cuce su. Har yau in an tuna shi sai an yi masa Allah ya isa. Ita kaɗai take cewa ni ce, shekara talatin da biyu, ana ce mata ta faye riƙo. Ko gaisawa ba ma yi."

Ya gane abin da take ba shi. Da zarar ya shiga shago na bakwai da littafi da biro, kafin azahar layin gaba ɗaya ya sani.

"Zan iya tsayawa a shafi na tara," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba sai na je ba."

"Ka tsaya a rabi kuma? Ba a gidana ba. Ba zan ɗinka kwat in kai ta gaban malamai da rabin magana a ciki ba." Ta miƙe ta hau zare masa fil ɗin da sauri, ta tuɓe kwat ɗin daga kafaɗarsa ta rataya a hannu. "Je ka. Ka gaishe ta da ladabi, ka ce mijin shugaba ne ya zo neman gaskiya. Za ta ba ka kujera, za ta ba ka ruwa, ƙila har ta rera maka waƙa. In ta ce haka aka yi, to ka rubuta, don matar nan ko sunana ta ji an faɗa daidai sai ta yi gardama."

Ya ɗauki littafi da biro ya nufi ƙofa.

"Maigida."

Ya juyo. Tana tura kwat ɗin cikin leda, tana laluben makullin shago da ɗaya hannun.

"Ka yi tafiyar a hankali. Ka tsaya a shago na huɗu da na biyar ka yi doguwar gaisuwa. A gida zan ƙarasa maka ɗinkin nan, ka ba ni minti goma in kai bakin titi."